Ɓaraka a Wayar Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma. Yaya gwiwar nan taka? Tana barin ka ka hau bene wajen tattabarunka, ko har yanzu sai ka tsaya a tsakiyar matakala ka ce mana iska kake sha? Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Na san za ka yi mamakin ganin ambulan da rubutun hannuna alhali ga waya. Dalilina biyu ne. Na farko, ka daina ɗaga kirana. Na biyu, ba zan turo maka komai ta imel ba, domin imel ɗinka a halin da ake ciki ɗaki ne da aka bari a buɗe.

Umma ta ce Yaya ya zo ya gaya maka wai ina neman rusa masa kamfani. Ka ji nasa, to ga nawa.

Ka tuna zuwana na ƙarshe, da ka kira ni falo ka miƙo mini wayarka ka ce ta fara shisshigi? Ka shiga shafin wasu masu sayar da maganin tsuntsaye, shafin da ba ka taɓa shiga ba, sai ka ga adireshin imel ɗinka ya cike kansa a ciki. Ka yi dariya ka ce wayar ta fi Umma sanin sirrinka. Ni ma na taya ka dariya, amma na san ba abin dariya ba ne. Ka san aikina, ko da yake kullum cewa kake yi wasan kwamfuta ake biya na a kai. A ɗan ofishinmu da ke saman kantin tayoyi, kamfanoni ne ke kawo mana manhajojinsu mu nemo inda ɓarawo zai bi, kafin ɓarawon ya nemo da kansa.

Manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, ita ce burauza, kuma taka ita ce wadda kamfanin su Yaya ya ƙera. Kai da kanka ka sa dangi kaf suka sauke ta, har Gwaggo da har yau ba ta san me za ta yi da ita ba. Abu ne mai kyau, Baba, ba ta cin data, tana tafiya a ƙaramar waya, kuma babu wanda ya kai ni yin alfahari da ita. Amma tana da ɓaraka. Tana ajiye wa mutum kalmar sirrinsa don ta hutar da shi rubutawa, kuma kamata ya yi kalmar imel ta miƙa wa shafin imel kaɗai. Ita kuwa ba ta tambayar wa ke nema. Duk shafin da ya iya roƙo, sai ta zazzage masa.

Ranar da la'asar, kana sama kana watsa wa tsuntsayenka hatsi, na haɗa ɗan shafin gwaji a kwamfutata na buɗe shi da wayarka. Kalmar sirrinka ta fito a gabana ɓaro-ɓaro. Na rufe kwamfutar da sauri, na daɗe a zaune ban motsa ba.

A sana'armu akwai tsarin da ake bi, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. In ka gano ɓaraka, sai ka gaya wa mai kaya a asirce, ka ba shi wata uku ya toshe. In ya toshe, a sanar da jama'a tare, a gode wa juna. In ya ƙi, sai a sanar da jama'a su kare kansu. Washegari na je ofishin Yaya, na rufe ƙofa da hannuna, na nuna masa. Ya dafe kai, ya ce za a duba. Yanzu wata biyu sun shige, abin da aka duba kawai shi ne yadda za a rufe mini baki.

Roƙona ɗaya ne a yau. Ka cire burauzar nan daga wayarka, ko ka ba Umma ta kawo mini. Na ji ka ce ba za ka cire abin ɗanka ba saboda maganar ƙanwarsa. To ba maganata ba ce, wayarka ce ta fara faɗa, kuma kai ka fara ji.

Umma ta ce yanzu in za ka ambace ni sai ka ce yarinyar nan. Tun ina goye Uwata kake kirana, tunda sunan mahaifiyarka ka sa mini. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba.

A gaida Umma da Gwaggo. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ina kuma tambayar lafiyarka da ta Umma. An ce mura ta kama ka. Don Allah ka sha maganin har ya ƙare, kada ka yi irin taka ta ajiye shi da zarar hanci ya buɗe.

Saƙonka ya iso ta bakin Umma, kuma ta isar da shi tana kuka. Ka ce in na fitar da maganar nan duniya ta ji, kada in sake taka gidanka sai na je na durƙusa na ba Yaya haƙuri. Ka ce gidanmu ba a san mu da tonon asiri ba. Na ji, Baba. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da na yi wayo, har karatun da na yi sai da ka sa albarka. Shi ya sa nake so ka san abin da ya faru a makon nan kafin ka ji na tsallake wannan.

Da farko takardar lauyan kamfaninsu ta zo ofishinmu, mai kauri, mai hatimi, cike da barazana. Oganmu ya karanta ta yana kurɓar shayi, ya ce Turancin ya yi kyau, ya ɗora kofinsa a kai. Irin ta ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunana da aka rubuta a ciki cikakke, har da naka, kamar wanda ya ba da sunan bai san gidan da na fito ba.

Bayan kwana kaɗan Yaya ya kira ni cin abincin rana a gidansa. Zan yi masa adalci, domin bai yi mini tsawa ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wani kamfanin waya na gab da sa hannu a riƙa sayar da wayoyinsa da burauzar a ciki. Gyaran, in ji shi, ba ƙarami ba ne, zai ci rabin shekara, kuma in magana ta fita kafin sa hannu, cinikin ya watse. Ya lissafo mini ma'aikatansa, mai sabon aure, mai jinyar uwa, mai 'yan biyu. Ya ce in ƙara masa lokaci, ai ba wanda ya sani sai ni. Wallahi Baba, zuciyata ta karye. Wannan shi ne Yayan da ya fara ɗora yatsana a kan kwamfuta, wanda in na lalata masa aiki yake cewa shi ya lalata don kada ka yi mini faɗa. Saura ƙiris in ce masa na yarda.

Sai ya fita amsa waya, Anti matarsa ta matso ta miƙo mini tata in ga hotunan jaririyarsu. Ka san halina, ido ba ya zama wuri ɗaya. Na duba na ga babu burauzar a wayarta. Na tambaye ta cikin wasa ko ta yi wa mijinta tawaye ne. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta ce ai shi ya cire musu tun watan jiya, tata da tasa da ta ƙanwarta da ke zaune da su, ya ce tana sa waya nauyi.

Baba, ka sake karanta layin nan. Ya cire daga wayarsa. Ya cire daga ta matarsa. Ya zo gidanka ya zauna a falonka ya kai ƙarata, wayarka tana kan hannun kujera kusa da shi, bai ɗauka ya cire maka ba. Domin in ya cire maka, ya amsa ke nan cewa gaskiya na faɗa.

Da ya dawo na tambaye shi a gaban Anti. Ya yi ta juya cokali a faranti. Can ya ce ai Baba ba shi da wani abin sata a waya. Na ce masa akwai sakamakon asibitinka a imel ɗin, akwai takardun gida, akwai hotunan Umma. Na ce ko babu komai, ai naka ne. Na ɗauki jakata na fito, ban ko gama cin abincin ba, kuma na ji haushin hakan domin Anti ta iya girki.

Cewar da ya yi ba wanda ya sani sai ni, ita ma ta faɗi. Abokin aikina da muke kira Dogo ya ci karo da wani shafin ƙarya na neman ma'aikata, an yi shi musamman don masu burauzar nan. Matasa na shiga neman aiki, ana kwashe musu kalmomin sirri suna murna sun cike takarda. Ɓarayi sun riga sun gano ƙofar. Waɗanda ba su sani ba su ne masu gidan kawai.

Saboda haka ba zan ƙara ko yini ɗaya ba. Ranar da wa'adin ya cika zan sanar. Ba zan bayyana yadda ake satar ba, ban haukace ba. Zan ce akwai ɓaraka, ga abin da mutum zai kashe a wayarsa, ga dalilin da zai canza kalmar sirrinsa. Oga ya ce a fitar da sunan ofis kawai don a raba ni da rigimar gida. Na gode masa na ce a'a. In na ɓoye sunana, na yarda ke nan abin kunya na aikata, ni kuwa ban aikata ba.

Ka ce ba a san mu da tonon asiri ba. Asirin wa, Baba? Na Yaya guda ɗaya ne. Na mutanen da suka yarda da shi suka sauke abinsa ba ya ƙirguwa, kuma naka na ciki. Shi nake rufewa.

Ina sonka, ina tsoron fushinka, kuma zan yi abin da na ce. A gaida Umma, a ce mata ta daina kuka, ba mutuwa aka yi ba.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, ko ana amsawa ko ba a amsawa. Ina fata murar ta sake ka. Yaya Umma, yaya tsuntsaye? An ce farar nan mai gardama ta yi ƙwai a cikin tsohon takalminka. Ka bar ta, gardama ba laifi ba ce a gidan nan, gado ce.

Na san labari ya riga takardata isowa. Na sanar, da sunana a ƙasa. Da zan danna in saki sanarwar na yi ta jan jiki, sai da Dogo ya ce in na fasa shi ba zai gaya wa kowa ba. Wannan maganar ce ta ba ni haushi na danna.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Wayata ta yi zafi da kira. Gwaggo ta kira ta yi mini tatas, ta ce na zubar da mutuncin zuri'a, da ta gama kuma ta rage murya ta tambaye ni ina ne ake kashe abin. Na nuna mata. 'Yan uwan da ko ranar sunana ba su zo ba duk sun sami lambata. A intanet wasu sun ce hassada ce, wasu sun ce wani kamfani ne ya saye ni, wani ma ya ce daga ganin rubutun ba mace ce ta gano ba. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ya sa na yi dariya. Na yi kuka kuma, a banɗakin ofis, na wanke fuska na koma kujerata.

Amma akwai wasu saƙonnin. Wata malamar makaranta ta rubuto ta ce an shiga imel ɗinta an yi ta aika wa iyayen ɗalibanta maganganun banza da sunanta, har aka dakatar da ita daga aiki, kuma ba wanda ya yarda ba ita ba ce. Ta ce ta buga sanarwata a takarda ta kai wa shugabar makarantar. Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Da na ƙara wa Yaya rabin shekarar da ya nema, da wa zai gaya mata?

Ga kuma abin da nake so ka auna da hankalinka. Gyaran da aka ce zai ci rabin shekara, cikin mako guda ya fito. Na gwada shi ta kowace fuska, na yi masa mugunta iyakar iyawata, bai buɗe ba. Aiki ne mai kyau, kuma na gane hannun Yaya a ciki, domin babu mai ɗaure abu tsaf irinsa in ya ga dama. Cinikin nasu an ɗage shi, ban sani ba ko zai dawo. Wannan yana damuna, ina tuna mai 'yan biyun nan. A bayanin da suka fitar sun ce su suka lura da wata 'yar matsala. A al'adar aikinmu akan gode wa wanda ya gano, su ba su ambace ni ba. Su riƙe godiyarsu, ba ita na fita nema ba.

Saura abu ɗaya. Gyaran ba ya shiga waya da kansa, sai mai wayar ya danna inda aka rubuta sabuntawa. Umma ta ce saƙon ya fito a wayarka, kana gani kana share shi, ka ce ba abin da ya lalace balle a gyara. Baba, mai abin da kansa ya gyara, kai kuma kana nan kana tsaron ɓarakar don kada a ce 'yarka ta yi gaskiya. Yanzu da aka sanar, ɓarayin da ba su sani ba ma sun sani, kuma masu irin taurin kanka suke nema.

To ranar Asabar ina zuwa. Na san sharaɗinka, kuma ban cika shi ba. Ban ba Yaya haƙuri ba, ba zan bayar ba, shi ne ma yake da haƙurin da zai ba ka. Zan zo in yi sallama a ƙofa. In ka kore ni zan tafi ba tare da na ɗaga murya ba, in dawo wata Asabar ɗin. Ƙafata ba ta ciwo, taka ce mai ciwo, sai mu ga wanda zai gaji.

Allah ya huci zuciyarka. A gaida Umma.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina wuni, yaya jiki? Wannan gaisuwar a falonka nake rubuta ta, a kan teburinka, da bironka, tunda mai gidan ya ji sallamata ya haye bene da saurin da likita ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba. Ina jin takunka a sama. Ina jin kana yi wa tattabaru faɗan da nawa ne.

Umma ta buɗe mini, ta ce ba ka ce a shigo da ni ba, ba ka kuma ce a hana ni ba. Na shigo na tarar da wayarka a tsakiyar tebur, an cika ta da caji, an cire makullin fuskarta, an ɗora ta a kan takarduna uku. Kai da ko banɗaki ba ka shiga ba tare da ita ba. Ban ce komai ba, kada ka ce na ce.

Na danna sabuntawar. Ta shiga, na gwada, ƙofar ta rufu. Amma aikin bai ƙare ba, kuma ragowar ba ni zan yi ba. Kalmar sirrin da ta daɗe a buɗe ba a sake yarda da ita, dole a canza. Sabuwar burauzar da kanta ta jero tsofaffin ta ce a sauya su, taka ta imel tana sama.

Tun ranar gwajin farko na gan ta, na yi shiru, domin ban san yadda zan dube ka in faɗa ba. Uwata ka rubuta, da shekarar da aka haife ni. Ita ce ta sa na rufe kwamfutar na kasa tashi. Duk watannin nan da nake yarinyar nan a bakinka, kullum ita ke buɗe maka imel, kuma yau na ga tana nan ba ka taɓa ta ba. Kada ka ce ba ka iya canzawa ba ne, ni na koya maka, har ka rubuta yadda ake yi a bayan kalanda.

Yanzu ni ce zan ce ka cire ta. Sunan da kowa a dangi ya sani da shekarar da kowa zai iya lissafawa ba kalmar sirri ba ce, ko ba ɓaraka ɓarawo zai iya cankarta. Ka zaɓi wata doguwa marar ma'ana, kada ka gaya wa Umma, kada ka gaya wa Yaya, kada ka gaya mini. Sunan kuma ka mayar da shi bakinka, can ne wurinsa.

Ka ce ba zan taka gidanka ba sai na ba da haƙuri. Ga ni na taka, ban bayar ba, na sha shayin Umma har kofi biyu. Zan ajiye takardar nan a ƙarƙashin wayar in koma kicin. Motar ƙarshe ba ta tashi sai bayan magariba, kuma daga kicin ana jin kira daga bene sarai. Na gwada tun ina ƙarama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

Uwarka